Yadda ake gano laburaren da aikin dare ke ɗauko manhajarsa a menfirem

An gyara manhaja, an haɗa ta, an tura aikin dare, gari ya waye sakamakon bai canja ba. Ko kuma aikin ya faɗi da S806-04, wato an nemi manhajar an rasa, aka tashi mutum ƙarfe biyu na dare yana gida a Agege, ofis kuma na Marina. A duka biyun tambayar ɗaya ce: daga wane laburare (ma'ajiyar manhajoji) z/OS, tsarin da ke tafiyar da menfirem (babbar kwamfutar IBM), ya ɗauko manhajar da aka ambata a layin EXEC PGM= na aikin, ko a ina ya duba bai gani ba?

Injin ba ya neman sabuwar manhaja, ba ya duba kwanan wata. Jeri yake bi, kuma wadda ya fara cin karo da ita mai wannan suna ita zai ɗauka. Jerin shi ne STEPLIB (laburarorin da aka ambata wa mataki ɗaya na aikin), idan babu shi sai JOBLIB (na aikin gaba ɗaya), sannan LPA (manhajojin da ke zaune a ƙwaƙwalwar injin), sannan laburarorin LNKLST (jerin gama-gari na injin), waɗanda bisa al'ada SYS1.LINKLIB ke gabansu. Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne nan: muddin mataki yana da STEPLIB, to JOBLIB ya fita daga lissafi gaba ɗaya a wannan matakin. Idan ba a samu a STEPLIB ba, LPA za a wuce kai tsaye.

Fara da JCL (rubutun umarnin da ke tsara aikin) ɗin da ya gudana, ba wanda ke ajiye a laburarenka ba. Shiga SDSF, inda ake duba ayyuka da sakamakonsu, nemo aikin a shafin ST, sa alamar ? a gabansa, ka buɗe JESJCL. A nan ne ake ganin PROC, wato ajiyayyen JCL da aiki ke kira da suna, a warware. Layin da ya fara da XX daga PROC na laburare ya fito, X/ kuma na nufin an sauya wannan DD (layin da ke ambata fayil ko laburare) daga cikin aikin; idan PROC ɗin a jikin aikin yake, ++ da +/ za ka gani. Sunan da ke ɗauke da alama irin &ENV..LOADLIB kada ka cike shi da ka, duba layin IEFC653I da ke biye, shi ke nuna ainihin sunan bayan musanya. Kada JCLLIB ya ruɗe ka, wurin neman PROC da INCLUDE ne, ba ruwansa da manhaja.

Sai ka rubuta laburarorin yadda suka zo a jere. Misali:

//S010 EXEC PGM=LISSAFI1
//STEPLIB DD DSN=GAGGAWA.LOADLIB,DISP=SHR
// DD DSN=AIKI.LOADLIB,DISP=SHR

Idan wani ya bar tsohuwar LISSAFI1 a GAGGAWA.LOADLIB tun wani gyaran gaggawa da aka manta, ko sau goma ka zuba sabuwa a AIKI.LOADLIB, tsohuwar ce za ta yi ta gudana. Laburare biyu ko uku ana iya buɗe su ɗaya bayan ɗaya a ISPF 3.4, shafin jera fayiloli. Idan sun kai goma, haɗa su a zamanka na TSO, inda kake buga wa injin umarni, bisa jerinsu:

ALLOC FI(DUBA) DA('GAGGAWA.LOADLIB' 'AIKI.LOADLIB') SHR

Daga nan ka buga TSO ISRDDN, kayan aikin da ke nuna laburarorin da ke haɗe da zamanka, sannan MEMBER LISSAFI1. Zai nuna duk laburaren da sunan ya bayyana, kuma na sama a ƙarƙashin DUBA shi ne amsarka. ISRDDN abin da ke haɗe da zamanka kawai yake gani, bai san STEPLIB na aikin dare ba sai ka haɗa masa da hannunka. Da yawa kan tsallake wannan, su kawo amsar da ta dace da TSO ɗinsu kaɗai.

Idan babu a STEPLIB ko JOBLIB, a cikin ISRDDN ɗin buga LINKLIST, zai ƙaro laburarorin LPA da na LNKLST, sai ka maimaita MEMBER. Mai izinin ba injin umarni, ko ofaretan da ke bakin aiki, na da hanya mafi tabbas: D PROG,LPA,MODNAME=LISSAFI1 zai faɗi ko tana LPA, SETPROG LNKLST,TEST,NAME=CURRENT,MODNAME=LISSAFI1 kuma zai ba da sunan laburaren LNKLST da ke ɗauke da ita. Ka tabbata a injin da aikin ya gudana kake tambaya, domin a sysplex, wato rukunin injunan da ke aiki tare, kowane LPAR (ɓangaren menfirem da ke aiki kamar inji mai zaman kansa) na iya zama da nasa jerin. Saman JESMSGLG, fayil ɗin saƙonnin aikin a SDSF, yana nuna sunan injin. Laburarorin LNKLST kuma suna da wata ɗabi'a: LLA, wani sashe na z/OS, na riƙe da kundin sunayensu a ƙwaƙwalwa, don haka sabuwar manhajar da aka kwafa ciki ba za ta fara aiki ba sai an sabunta shi da F LLA,REFRESH ko F LLA,UPDATE. Wannan aikin masu kula da injin ne, ba na mai rubuta manhaja ba.

Wani lokaci sunan da ke PGM= ba shi ne naka ba. Aikin Db2, rumbun bayanai na IBM, yakan ce PGM=IKJEFT01, ainihin manhajar tana cikin SYSTSIN a layin RUN PROGRAM, kuma idan an sa LIB a wurin, laburaren da aka ambata ne ake ɗaukowa daga ciki. Na IMS, wani tsarin rumbun bayanai na IBM, yakan ce PGM=DFSRRC00, sunan yana cikin PARM. Idan ka ga PGM=*.LKED.SYSLMOD, koma matakin LKED ka karanta SYSLMOD.

Ƙananan manhajojin da babbar ke kira su ne suka fi cin lokaci. Idan an haɗa COBOL da NODYNAM kuma CALL ɗin da suna tsayayye ne, an ɗinke ƙaramar a jikin babbar tun ranar haɗawa. Ba a ɗauko ta daga ko'ina lokacin gudu, saboda haka neman laburarenta ɓata lokaci ne. Babbar za a sake haɗawa. Idan DYNAM ne, ko CALL ta hanyar sunan da ke cikin wani fili, ana bin jerin nan na sama, sai dai injin na fara duba ko an riga an ɗora kwafinta a cikin wannan matakin.

Bayan ka sami wanda kake zargi, tabbatar da shi. Gudanar da AMBLIST, manhajar IBM mai karanta bayanan haɗaɗɗiyar manhaja, ka nuna SYSLIB ga laburaren, ka ba shi LISTIDR MEMBER=LISSAFI1 a SYSIN. Zai fitar da ranar da aka haɗa manhajar da ranar da aka fassara kowane sashenta. Yi haka ga kowane kwafin da ka gano, ka gwada da ranar gyaranka.

Idan S806-04 ne, nemi saƙon CSV003I a JESMSGLG, shi ke faɗin sunan da aka rasa, kuma sau da yawa ba na PGM= ba ne, wata ƙarama ce da aka kira. Kafin ka warware shi da ƙara laburare a STEPLIB, duba ko manhajar na buƙatar izinin APF, izinin musamman da injin ke ba amintattun laburarori: laburare ɗaya marar izini a jerin yana zubar da izinin duka, sai S806 ya koma S047 ko S306, faɗuwa saboda rashin izini. D PROG,APF zai nuna maka masu izinin.