Darasi na Tara: Yadda Ja Yake Ƙara wa Leda Ƙarfi

Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa tana kaɗi ya san cewa auduga ba ta da wuyar rabuwa a hannu, amma da zarar mazari ya jera silinta ta zama zare, sai an sa ƙarfi kafin ta tsinke. Leda ma haka take. A cikinta akwai ƙwayoyin sinadari da suka haɗu suka zama dogayen sarƙoƙi waɗanda ido ba ya gani, kuma idan roba ta narke, a cukurkuɗe suke kamar zaren da ya harɗe.

Robar da aka fi yin leda da ita sunanta polietilin, wadda masana suka gano a Ingila a 1933. A masana'anta ana narkar da ita, a turo ta ta wani baki mai siffar zobe, a hura mata iska ta kumbura kamar balan-balan, ana kuma jan ta sama. Kumburin yana miƙe sarƙoƙin ta faɗi, jan yana miƙe su ta tsawo, sannan a sanyaya ta su daskare a jere. Haka ake yin ledar fiya wata.

Buhun masarar da kuke gani a Tudun Hatsi, nan Gombe, daban yake, domin siraran ledojin da aka saƙa shi da su ta tsawo kaɗai aka ja su. Ku zare guda ɗaya ku ja da hannu biyu, za ku ga ya ƙi tsinkewa. Amma idan kun sa farce ta tsawonsa, sai ya tsage kamar karan dawa. Saboda haka ake saƙa su a gicciye, kowanne ya tare raunin ɗan'uwansa.

Ga gwaji na biyu. Ku yanko leda mai faɗin yatsa biyu, ku ja ta sannu a hankali. Za ta tsuke ta ƙara tsawo, daga baya ta yi tauri ta daina miƙewa, alamar sarƙoƙin sun jeru ke nan.

Abin da ya fi damun mu shi ne barin buhu a rana, wanda manoma da yawa ke yi bayan girbi. Zafin wuta yana sa sarƙoƙin su koma su dunƙule, ledar ta tsuke, hasken rana kuwa gutsuttsura su yake yi, har buhu ya riƙa yin gari ya yage da hatsi a ciki. Ku ajiye buhunanku a inuwa, a kan katako, nesa da murhu.