Yadda za ku kafa wa kwatar unguwarku doka kafin damina ta sauka

Jama'a barkanmu da war haka. Damina biyu a jere ruwa yana shigo mana har zaure a layinmu a nan Zariya, kuma wallahi ba wai ruwan ne ya fi na da yawa ba, wani bawan Allah ne ya zuba dakali ya ɗora shago a kan kwata, wani kuma ya jona bututun bayan gidansa a ciki, sai ledar fiya wata ta zo ta ƙarasa toshe abin da ya rage. Da muka zauna da dattawan layi sai muka gane ciwon guda ɗaya ne, kwata ba ta da mai ita, kowa abin da ya ga dama yake yi mata ba ya tambayar kowa.

Wani abu da ya buɗe min ido shi ne yadda Amurka ta ɓullo wa wannan. Suna da dokar tsaftar ruwa tun 1972, a 1987 suka yi mata gyara suka shigar da ruwan sama da ke bin kwatoci. A 1990 aka fara da manyan garuruwa masu mutum 100,000 zuwa sama, sai a 1999 hukumar muhallinsu EPA ta sauko kan ƙananan garuruwa. Wato ita kanta hukumar gari sai ta riƙe lasisi kafin ruwan kwatocinta ya faɗa rafi, kuma lasisin ba ya wuce shekara 5 sai an sabunta. Sharuɗɗa 6 aka gindaya: wayar da kan jama'a, sa su cikin aikin, gano masu zuba ƙazanta a ɓoye a hana su, kula da wuraren da ake gini, kula da ruwan wurin bayan an gama ginin, sannan ita hukumar ta tsaftace nata ayyukan. Mu ba Amurka muke ba, amma babu ɗaya a cikin shidan nan da unguwa ba za ta iya yi da kanta ba in mai unguwa ya tsaya.

To ku fara da bin ruwan da ƙafa. Ku samu matasa uku ko huɗu da takarda da biro, ku bi kwatar daga inda ta taso har inda ta zube, ku zana ko da zanen yara ne, ku sa alama a kowane kwalbati da kowane bututu da ya leƙo ciki da gidan da ya fito. Mafi yawanmu ba mu taɓa tambayar ina ruwan yake ƙarewa ba. A Zariya in bai tsaya a kududdufi ba to galibi rafin Kubanni ya nufa ko kogin Galma, ita Kubannin ma Galma take faɗawa, kuma babu wata matata a hanya, yadda ka zuba haka zai isa. A bakin rafukan nan ne masu lambu suke ban ruwan latas da kabeji da tumatirin da ke dawo mana kasuwar Sabon Gari da Tudun Wada, ka ga ashe abin da ka watsar a ƙofar gida zai iya dawo maka a faranti.

Lokacin da ya fi dacewa a yi wannan zagayen shi ne tsakiyar rani, Janairu zuwa Maris, kuma nan ne dabarar take. An yi wata da watanni ba a ga ɗigon ruwan sama ba, saboda haka duk abin da kuka tarar yana gudu a kwata a lokacin ba daga sama ya zo ba, galibi daga gidan wani ya fito ko shagon wani. Ruwa ba ya tsami banza. In baƙi ne mai wari to salga ce ko sokawe ya cika aka fasa shi ciki, in kuka ga maiƙo yana ƙyalli a sama ku nemi garejin kanikawa ko mai gyaran janareto da ke juye baƙin mai, in kumfa ce masu wankin mota ne ko wanki da guga, in ja ne ku duba wajen mahauta. Ku bi shi baya baya har ku isa bakin bututun. Don Allah kar a je da faɗa ko a ɗauki hoton gidan mutum a watsa a Facebook, a tura dattijo ɗaya da liman su yi masa magana a sirrance, a ba shi wa'adi, da yawa ba mugunta ba ce, kuɗin kwashe sokawen ne babu. Mu a layinmu karo-karo muka yi wa wata baiwar Allah mai marayu aka kira motar kwasa. Bakanike kuwa jarka kawai yake buƙata ya riƙa tara baƙin man, akwai masu saye ma.

Sai a zo kan izinin kansa. Ku rubuta ƙa'ida a shafi ɗaya da Hausa, mai unguwa ya sa hannu a kai wa dagaci ko hakimi kwafi, a karanta a masallaci bayan sallah. Abin da za ta ƙunsa kaɗan ne: kwata ta ruwan sama ce, ba wanda zai jona bututu, ko ya rufe ta da siminti, ko ya karkatar da ita, ko ya cike kududdufi sai ya zo an duba an yarda a rubuce. Wanda zai yi hanyar shigar mota ya sa murfin da ake iya ɗagawa a yashe, ba ya zuba kankare ya daskare a wajen ba. Amma ku sani takardar unguwa ba ta maye gurbin ta gwamnati, izinin gini a jihar Kaduna na hukumar tsara birane KASUPDA ne, ƙorafin gurɓata muhalli kuma hukumar kare muhalli ta jiha KEPA ake kai wa ko duba-gari na ƙaramar hukuma, Zariya ko Sabon Gari gwargwadon inda kuke. In mutum ya ƙi jin maganar dattawa ku rubuta takarda ku haɗa da zanenku da hotunan kwatar, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.

Masu gini su ma a kama su tun kafin tifa ta juye. A can Amurka duk ginin da ya taɓa ƙasa eka 1 zuwa sama yana cikin dokar, wato kusan fuloti 9 na 50 da 100, amma mu nan tifar yashi ɗaya a bakin kwata ta isa ta cika ta a ruwan dare ɗaya. A juye yashi nesa da kwata, a kewaye shi da bulo ko buhunan ƙasa, kuma kar birkila ya wanke kwanon siminti a ciki don daskarewa yake yi.

Cikin gida ma akwai aiki, kuma lissafin mai sauƙi ne. Milimita 1 ta ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 100 in aka yi ruwan milimita 30, irin wanda ake yi a Agusta, lita 3,000 ke nan, duro 15 daga gida ɗaya tal, kuma Zariya tana samun wajen milimita 1,000 a shekara. Yanzu kowa ya shafe tsakar gida da siminti ko intalok, ƙasa ba ta shan komai, duk indararo titi ya nufa. Ku tari abin da za ku iya a duro ko tanki a rufe saboda sauro, ku bar wani gefe na tsakar gida da ƙasa ko tsakuwa, a dasa zogale ko gwanda a wajen ya sha.

Yashe kwata kuma a yi shi aikin gayya a Afrilu kafin ruwan farko, a sake a ƙarshen Yuli kafin na Agusta ya kankama. A fara daga ƙasa inda ruwan yake fita a hauro sama, in aka fara daga sama datti ne kawai ake tura wa maƙwabta. Kuskuren da muka daɗe muna yi shi ne tara abin da aka yaso a bakin kwata, ruwa ɗaya ya mayar da shi, don haka a yi magana da masu kura ko mota tun kafin ranar, a kwashe a kai juji da zarar ya tsane. A samo wa yaran safar hannu da takalmin roba saboda kwalabe da allurai. Sannan a ajiye littafi guda a wajen sakataren kwamiti, a rubuta ranar da aka yashe, nawa aka tara nawa aka kashe, wa aka ba izini wa aka hana da dalili, bayan damina a karanta wa jama'a a gyara zanen in an samu sabon bututu.