Yadda ake gane jinin al'adar da ya rasa hanyar fita

Yarinya ta kai shekara 13 ko 14, nono ya fito, amma ba ta taɓa ganin al'ada ba, sai ciwon mara da ke zuwa wata-wata, ya yi kwanaki ya lafa. Sau da yawa irin wannan yarinyar tana haila, jinin ne bai samu ƙofa ba, yana taruwa a ciki.

Abin da ya fi jawo haka shi ne a haife ta da tantanin budurci a rufe ruf. Likita na dubawa za ta ga tantanin ya kumburo, ya yi shuɗi-shuɗi saboda jinin da ke bayansa. Jinin yakan danne hanyar fitsari har ya ƙi fita, mara ta taso, wani lokaci har a zargi yarinyar da ciki, alhali hoton asibiti ɗaya ya isa ya wanke ta.

In ba a ga kumburin ba, toshewar tana can sama: ko wani shamaki na tsoka ya gitta farji, ko bakin mahaifa bai samu ba. Akwai kuma mai mahaifa biyu, ɗaya a buɗe ɗaya a toshe. Ita tana ganin al'adarta, ciwon ne ke ƙaruwa kowane wata, kuma galibi babu ƙoda a ɓangaren da ya toshe, shi ya sa ake duba ƙoda tare.

Matakin farko hoton mara ne, mafitsara a cike. In toshewar ta sama ce, sai MRI, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki dalla-dalla, ya nuna kaurin shamakin kafin a taɓa.

Kada a huda da allura, kada a tsaga a gida. Ƙaramar huda takan sake rufewa bayan ƙwayoyin cuta sun shiga, jinin ya zama mugunya. A ɗakin tiyata ake sa robar fitsari, a tsaga tantanin kamar alamar X, jini mai kauri, baƙi-baƙi, ya zubo da kansa ba tare da an matsa mara ba. Shamaki kuwa aikin ƙwararre ne, yana iya sake tsukewa, don haka wasu likitoci kan tsayar da al'adar da magani sai an shirya.

Jinkiri ke sa jinin komawa baya ta bututun ƙwai, ya bar ciwon mara mai naci ko wahalar haihuwa. Wadda ta kai shekara 15, ko ta yi shekara 3 da fitowar nono ba al'ada, a kai ta asibiti ko ba ta jin ciwo.