Hasashen kabon a ƙasar noma: inda aka fi yin tuntuɓe

RothC da CENTURY, manhajojin kwamfuta da aka fi hasashen kabon na cikin ƙasa da su (wato sinadarin da ruɓaɓɓen tsiro da kashin dabbobi ke bari a ƙasar gona), ba a ƙasar zafi aka gina su ba. Ta farko daga Rothamsted ta Ingila ta fito, ta biyu kuma daga filayen ciyawar Amurka. Suna da amfani ƙwarai, amma sai an daidaita su da ƙasarmu.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na ragowar amfanin gona. Manhaja za ta nemi yawan abin da ke komawa ƙasa, sai mai bincike ya kintata daga yawan girbi, yana zaune a ofis. To, ka leƙa gonar dawa a Kano ko Maraɗi bayan kaka. Kara an ɗaure shi dami-dami, ya tafi danga da murhu. Harawar wake tana bisa rufin ɗaki tana jiran kasuwa. Abin da ya saura shanu su kiwace, gara ta ja nata, guntun kuma a ƙone wajen sharar gona. Lissafin da ya ɗauka duk wannan ya ruɓe a gona zai nuna kabon da babu shi. Gyaran kuwa: a auna abin da ke ƙasa daf da shuka, a tambayi mai gona, sannan a sa saiwa da kashin dabbobi cikin lissafi.

Sai zurfin da ake ɗibar ƙasa don aunawa. Noma ba huɗa yana tara kabon a sama-sama, don haka wanda ya ɗebi santimita 10 kaɗai zai ga ƙaruwar da ta fi gaskiya. A kai santimita 30 aƙalla, ma'aunin da IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, ke bi, kuma a auna nauyin ƙasar, domin wadda ta daddanne ba ɗaya take da mai laushi ba.

Yumɓu ma iri-iri ne. RothC yawansa kawai take tambaya, alhali jar ƙasa mai sinadarin ƙarfe da baƙar laka ba su riƙe kabon iri ɗaya.

Wasu kuma sukan ɗauka kabon gonar ya daidaita tun farko, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, ko da ba a daɗe da sassabe ta ba, tana cikin asarar kabon. A nemi tarihin gonar tukuna. Kafin a amince da sakamakon manhaja, a gwada shi da bayanan gwaji mai dogon zango, irin na taki da aka fara a Samaru ta Zariya a 1950.