Kurakuran da ke kashe maƙalar tarihin yaƙin teku kafin ta kai gaban edita

Duk shekara sai masu tasowa sun turo min rubutunsu a kan tarihin sojan ruwa in duba kafin su aika wa mujalla, kuma duk shekara wuri ɗaya nake ja wa layi da jan biro. Sunayen marubutan ne kawai ke sauyawa. Na gaji da faɗa wa mutum ɗaya-ɗaya, shi ya sa na ce bari in zube maganar gaba ɗaya.

Zan fara da lokaci, domin shi ne ya taɓa kayar da ni kayen da har yau ban manta ba. Na shafe wata bakwai ina haɗa maƙala a kan wani ɓangare na gwabzawar Jutland, wadda aka yi tsakanin Birtaniya da Jamus a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ranar 31 ga Mayu zuwa 1 ga Yuni 1916. Na jera rahotannin ɓangarorin biyu, sai na ga kamar wani kyaftin ya hango abokan gaba amma ya yi jinkiri mai tsawo kafin ya sanar da na gaba da shi. Na ɗauka na gano abin da ya kuɓuce wa kowa, na gina maƙalar kacokan a kan wannan jinkiri. Mai tantancewa ya dawo min da ita da tambaya ɗaya tak: agogon wa nake bi? Ashe takardun Birtaniya da agogon GMT aka rubuta su, na Jamus kuwa da agogon da ke gaba da shi. Babu wani jinkiri. Asarar wata bakwai ta yi min ciwo, amma abin da ya fi damuna shi ne saura ƙiris in ɗora wa mamaci laifin sakaci, mutumin da ba shi da bakin kare kansa.

Tun daga ranar ba na rubuta jimla ko ɗaya a kan wata gwabzawa sai na zana jadawali mai gida uku: lokacin yadda yake a takarda, agogon wanda ya rubuta, sai lokacin bayan na mayar da shi GMT. Sannan in nemi abin da kowa ya gani da idonsa a lokaci guda in kafa shi turke. A Jutland, tarwatsewar jirgin yaƙin Birtaniya Queen Mary wajen ƙarfe 4:26 na yamma tana yi min wannan aiki. Duk kundin jirgin da ya sa ta a wani minti daban, na san gwargwadon karkatar agogonsa ke nan. Wasu abokan aiki na ganin wahala ce ba gaira ba dalili. Su dai ba a dawo musu da aikin wata bakwai ba.

Kuma abin bai tsaya a sa'o'i ba, har ranaku yana ci. Kafin ƙarshen 1805, ranar matuƙan jiragen yaƙin Birtaniya da tsakar rana take farawa, tana gaba da ranar mutanen tudu da sa'a 12. Saboda haka yaƙin Trafalgar na 21 ga Oktoba 1805, wanda aka fi gwabza shi bayan rana ta take, za ka iske shi a kundin jirgi ƙarƙashin 22 ga wata. Ingila ba ta koma sabuwar kalanda ba sai 1752, don haka a labarin rundunar jiragen ruwan da Sifaniya ta tura wa Ingila a 1588 akwai tazarar kwana 10 tsakanin takardun ƙasashen biyu: karon Gravelines 29 ga Yuli ne a wurin Ingila, 8 ga Agusta a wurin Sifaniya. Gwabzawar Tsushima tsakanin Rasha da Japan 27 ga Mayu 1905 ce, amma Rasha 14 ga wata ta rubuta. A gwabzawar Midway, Amurka na cewa 4 ga Yuni 1942, jiragen Japan da ke bin agogon Tokyo na cewa 5. Na taɓa karanta rubutun da ya mayar da yaƙi ɗaya yaƙi biyu saboda wannan kaɗai.

Na biyu shi ne gaskata tsohon soja don kawai yana wurin. A nan ne nake yin faɗa sosai. Ku ji tsoron Allah, ku daina ɗaukar littafin tuna baya kamar wahayi! Wanda ya rubuta shi bayan shekara goma ko ashirin yana da mutuncin da yake karewa, yana da abokan da yake rufa wa asiri, ga mantuwa irin ta ɗan Adam. Dubi abin da ya faru da Midway. Mitsuo Fuchida, hafsan Japan da ke cikin Akagi, jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen sama, ya ba da labarin cewa jiragen samansu na jere a saman jirgi, saura minti biyar su tashi, sai bama-baman Amurka suka sauko. Labari mai daɗi, aka yi ta kwafarsa kusan shekara hamsin a littattafan Turanci. Masanan Japan kuwa sun daɗe da yin watsi da shi. Da Jonathan Parshall da Anthony Tully suka koma kan takardun tashi da saukar jiragen sama na ranar, a aikinsu na 2005, sai ga shi jiragen kai harin suna ƙasa cikin rumbunsu, saman kuma ana ta hidimar jiragen tsaro. Takardar da ma'aikaci ya cike a ranar, ba tare da tunanin wani zai karanta ta bayan shekara sittin ba, ita ce ta warware zancen.

Haka ma adadin jiragen da aka ce an nutsar. Kyaftin ɗin jirgin ƙarƙashin ruwa ya harba, ya ji ƙara, ya nutse ya gudu, ya rubuta cewa ya nutsar. Bai tsaya ya gani ba. In ba ka gwada iƙirarinsa da lissafin asarar ɗaya ɓangaren ba, kada ka sa shi a matsayin tabbas. Wani lokaci ma shiru ne ke yaudara. Sai a 1974 aka bayyana wa duniya cewa Birtaniya na karanta saƙonnin sirrin Jamus a cibiyarta ta Bletchley Park lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Duk tarihin yaƙin Atlantika da aka buga kafin nan, har da na hukuma wanda Stephen Roskill ya rubuta, bai iya faɗin dalilin da ya sa wasu ayarin jirage suka karkata hanya suka tsira ba. Aikinsa na da daraja har gobe, amma dubi shekarar bugu kafin ka jingina da shi a wannan batu. Al'adata ita ce in karanta littafin tuna baya a ƙarshe, bayan na gama da kundin jirgi da saƙonnin da aka aika a ranar, don kada muryarsa ta riga shiga kaina.

Sai masu ambaton Mahan, masanin dabarun teku ɗan Amurka, ba tare da sun buɗe littafinsa ba. Kusan kowace maƙalar dabarun teku da sunansa take farawa, a jefa jimla ɗaya a wuce. Littafinsa na 1890 zamanin jiragen filafilai yake nazari, daga 1660 zuwa 1783, kuma yana magana da Amurkar da ba ta da babbar runduna tukuna. Ka ɗauko shi ka manna wa mashigin Hormuz ko Malaka na yau ba tare da bayani ba, mai tantancewa zai gane tun shafin farko. Kuma ina Julian Corbett, takwaransa ɗan Birtaniya? Shi ne a 1911 ya nuna cewa mallakar teku tana nufin iko da hanyoyin zirga-zirga, kuma a tudu ake yanke hukuncin yaƙi tunda a can mutane ke zaune. Rashin karanta shi ne ke sa ɗalibi ya ƙirga gawa ya ba da kambu. A Jutland Birtaniya ta rasa jirage 14 da mutum fiye da 6,000, Jamus ta rasa 11 da mutum kusan 2,500. In lissafi ne, Jamus ta ci. Amma datsewar da aka yi wa tashoshinta ba ta sassauta ba har ƙarshen yaƙin. A ganina ma tsarin tafiyar jiragen kasuwa cikin ayari da rakiyar jiragen yaƙi da aka fara a 1917, bayan jiragen da Jamus ta nutsar a watan Afrilu sun haura tan 800,000, ya fi kowace gwabzawa cancantar tawadarku, sai dai ba shi da ƙarar igwa, shi ya sa ake gudunsa.

Sauran ƙanana ne, amma suna zubar da mutunci. Tan ba iri ɗaya ba ne: na jirgin yaƙi nauyin ruwan da ya ture ake aunawa, tsohon ma'aunin jirgin kasuwa kuwa faɗin cikinsa ne, don haka kada ka tara su wuri ɗaya. Ko adadin da gwamnati ta bayyana ma a yi hattara, domin an ce jirgin yaƙin Jamus Bismarck tan 35,000 ne alhali ya haura 41,000. Mil na teku mita 1,852 ne, na tudu 1,609. Suna ɗaya na iya zama jirage da yawa: jirgin Amurka Yorktown da ya nutse a Midway daban, wanda aka raɗa wa sunansa daga baya daban, kuma sau da yawa hoton na biyun nake gani an manna a labarin na farkon. Hoton da ka tsinta a intanet, ka nemo ainihin mai shi da izininsa kafin ka sa.

A wajen bugawa kuma, kada ka rubuta min cewa ka samo abu a ma'ajiyar takardun Birtaniya da ke Kew ka yi shiru. Wane jeri? A jerin takardun sojan ruwa, ADM 51 kundin kyaftin ne, ADM 52 na babban matuƙi, ADM 53 na jirgi, kuma sukan saɓa wa juna a rana ɗaya. Ka ɗauki hoton bangon fayil kafin ka ɗauki na ciki, in ba haka ba bayan wata uku za ka rasa daga ina takarda ta fito. Kafin ka aika, zauna ka karanta fitowa uku ko huɗu na mujallar. The Mariner's Mirror tarihi take so da hujjar takarda, Naval War College Review kuwa ta fi karkata ga dabaru da manufa, kuma maƙala ɗaya ba ta shiga duka biyun ba tare da gyara ba. Kada ka aika wa mujalla biyu a lokaci guda. In rahoton mai tantancewa ya zo da zafi, ni dai ajiye shi nake yi mako guda kafin in taɓa, sannan in amsa kowace magana da lambarta, inda na gyara in nuna shafin, inda ban yarda ba in kawo takardar da ta hana ni.