Yadda ake gane ciyawar albasa a busasshiyar ƙasa

Sunanta na kimiyya Asphodelus fistulosus, amma manoman Ostireliya da na kudu maso yammacin Amurka suna kiranta da sunan da ke nufin ciyawar albasa. Sunan nan shi ke ɓatar da mutane, domin ba albasa ba ce, danginsu ma ba ɗaya ba. Asalinta ƙasashen da ke kewaye da tekun Bahar Rum ne, daga can aka kai ta Ostireliya da Meziko da jihohin Kalifoniya da Arizona da Tekzas, ta bazu har gwamnatin Amurka ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi.

Fara da duba inda ta fito. Tana son wurin da aka tayar wa ƙasa: gefen titi, bakin layin dogo, saura, da makiyayar da dabbobi suka cinye ƙarƙaf. Idan ka tarar da fili an kiwace komai amma ga wasu tsirrai kore shar sun tsaya cunkus-cunkus ba a taɓa su ba, to ka matsa kusa. Shanu da tumaki ba sa cin ta, shi ya sa take samun fili ta mamaye, abincin dabbobi kuma ya ragu.

Sai ka tsinko ganye ɗaya. Duk ganyen daga gindi yake fitowa, siriri ne dogo kamar lawashi, kuma in ka karya shi za ka ga cikinsa rami ne kamar bututu. A nan ne take kama da albasa, a nan kuma kamannin suka ƙare. Murza ganyen tsakanin yatsunka ka shinshina. Babu warin albasa ko kaɗan. Ni a wurina wannan gwajin ya fi kowanne, domin ba ya bukatar komai sai hanci, kuma yana aiki ko da shukar ba ta yi fure ba. In ka ji warin albasa ko tafarnuwa, wata shuka ce daban, wataƙila Allium triquetrum, wadda ita ma ake kira da wannan suna, sai dai ita tana son inuwa da danshi, karanta kuma mai kusurwa uku ne.

Bayan haka ka tuge guda ɗaya gaba ɗayanta. Ba za ka sami kan albasa a ƙasa ba, sai tarin saiwoyi kawai.

In lokacin fure ne, wato ƙarshen sanyi zuwa bazarar waɗancan ƙasashen, aikin ya yi sauƙi. Kara ne ke fitowa daga tsakiya, shi ma da rami a ciki, yana yin rassa, tsayinsa kan kai santimita 70. Furannin suna jere a jikin karan ɗai-ɗai, ba su taru a dunƙule a kai kamar na albasa ba. Kowane fure yana da kunnuwa 6, fari ko mai ɗan ruwan hoda, kuma a tsakiyar kowane kunne akwai layi ɗaya ja-ja mai duhu da ya ratsa shi daga gindi zuwa baki. Ka je da rana, domin da dare furen rufewa yake yi.

'Ya'yanta ƙananan ƙwallaye ne masu ɗaki 3, iri har 6 a ciki, baƙaƙe masu tamoji. Idan ka tabbatar ita ce, kada ka jefar da wadda ka tuge a filin in ta riga ta yi 'ya'ya. Zuba ta a buhu ka ɗaure, ka kuma kakkaɓe takalminka kafin ka bar wurin, domin irin yana shekaru a ƙasa bai mutu ba.