Kulle akwati a fom ba tare da ka ɓatar da mai shigar da bayanai ba

Mai shigar da rajista a likita ko a ofishin magajin gari na Tawa da wuya ya taɓa linzami. Idonsa yana kan takarda, hannunsa na hagu yana kan Tab, madannin da ke kai shi akwati na gaba. Duk akwatin da ke karɓar abin da ya buga a wannan lokaci, nan ne matsayar allon rubutu. In matsayar ta ɓace, zai ci gaba da bugawa cikin iska har sai ya ɗaga kai. Abin da ya fi ɓatar da ita kuwa shi ne disabled, sifar HTML da ake kulle akwati da ita a fom na shafin intanet.

Wannan sifa abu uku take yi a lokaci guda. Tana hana akwati karɓar matsaya, don haka Tab ya tsallake shi. Tana cire shi daga bayanan da za a tura, ko da akwai rubutu a ciki. Tana kuma ɗauke masa binciken burauza, ko da ka sa masa required, sifar da ke tilasta a cika shi. Na biyun ne ya fi cin mutane: ka cika lambar rajista, ka kulle don kada a canza ta, fom ya isa saba, wato kwamfutar da ke karɓar bayanan, babu lambar. In karantawa kawai kake so a yi, kuma a tura, sa readonly. Sai dai readonly a akwatin rubutu da textarea yake aiki, ba ya kama select (jerin zaɓi) ko checkbox (akwatin sa alama). A nan sai ka kulle select ɗin, ka sa input mai type="hidden" ya ɗauki ƙimar.

Ɗauki misalin jiha da gunduma. Akwatin gunduma yana kulle har sai an zaɓi jiha. Mutum ya zaɓi Tawa, ya danna Tab nan take, amma jerin Konni, Madawa, Buza, Keita, Illela da Abalak bai iso ba saboda intanet yana jan ƙafa. Tab ya tsallake gunduma ya faɗa akwatin lambar waya, sai sunan gunduma ya shiga inda ake jiran lambobi 8. Jihohin Nijar 8 ne kacal, jerin gundumominsu ba shi da nauyi, don haka ka ɗauko shi duka tun buɗe shafi. In dole sai an jira saba, bar akwatin a buɗe da zaɓi ɗaya mai cewa "ana ɗaukowa". Kuma duk sanda za ka kai matsaya da JavaScript, fara cire disabled, ka tabbata akwatin ba ya ɓoye da display:none, sannan ka kira focus(). In ka juya tsarin, burauza ba za ta yi komai ba, ba za ta kuma nuna kuskure ba.

Madannin Aika shi ne inda aikin ya fi taɓarɓarewa. Ana kulle shi bayan dannawa don kada a tura rajista sau biyu, niyyar tana da kyau. Amma matsaya tana kansa a daidai lokacin, da an kulle shi sai ta faɗi, makaho mai amfani da NVDA, manhajar da ke karanta masa abin da ke kan allo, ya rasa inda yake. Madannin da aka kulle kuma ba a tura name da value ɗinsa, saba ba za ta san ko "Ajiye" aka danna ko "Ajiye ka buɗe sabo" ba. Gara ka bar shi a buɗe, ka sa masa aria-disabled="true", ka riƙe wata alama a JavaScript cewa ana cikin turawa, in an sake dannawa ka tsayar da preventDefault(). Ka sani aria-disabled sanarwa ce kawai, ba ta hana komai da kanta. Da amsa ta dawo, ka kai matsaya akwatin farko na sabuwar rajista, in kuma an ƙi karɓa, ka kai ta akwatin farko mai kuskure, bayanin kuskuren na kusa da shi.

Kulle Aika tun farko har sai an cika komai daidai ma ban ba da shawararsa ba. Mutum zai zauna yana kallon madanni mai launin toka, bai san me ya rage ba. Enter ma ba zai tura ba, domin in madannin turawa na farko yana kulle, burauza ba ta tura fom da Enter. Tun da an zo kan Enter: button da ba a rubuta masa type ba madannin turawa ne, don haka "Goge layi" da "Ƙara layi" su sami type="button".

Jerin Tab ya bi jerin HTML. Kada ka sa tabindex 1, 2, 3, domin masu lamba suna shiga gaban kowa, ranar da aka ƙara akwati ɗaya jeri ya wargaje. 0 da -1 sun isa: 0 ya shigar da abu cikin jeri, -1 ya cire shi daga jerin Tab amma ya bari a kai masa matsaya da focus(), kamar saƙon kuskure. In sashe ne gaba ɗaya za a kulle, kamar bayanan juna biyu ga majiyyaci namiji, sa disabled a kan fieldset sau ɗaya.

Kada ka goge zoben matsaya da outline:none. Ƙawata shi da :focus-visible, ya yi kauri, launinsa ya fita sosai ko a tsohon allo da ƙura ta dusashe.

Gwaji: cire linzami, ka shigar da rajista 10 da Tab, Shift da Tab, Enter da sandar tazara, a Chrome da Firefox, ka rage saurin intanet daga kayan aikin burauza da madannin F12 ke buɗewa. In matsaya ta ɓace, rubuta document.activeElement a konsol ka ga inda take. Ta wannan F12 ɗin kowa zai iya cire disabled da hannunsa, saboda haka duk akwatin da ka kulle a shafi, saba ta sake bincikensa kafin ta ajiye.